Daga Lakwal zuwa Jami'a: Tarihin Hanyar Likita da Alƙali a Ƙasar Adar

A Amurka, ɗalibin da ke son zama likita ko lauya sai ya yi shekara huɗu a jami'a, ƙarƙashin kulawar masu ba da shawara, kafin ya nemi shiga makarantar sana'ar. A Nijar kuwa, wadda ta gaji tsarin Faransa, daga jarrabawar bak ake wucewa kai tsaye zuwa tsangayar likitanci ko ta shari'a. Saboda haka a Buza da Madawa da Keita tun a kwaleji ake yanke makomar yaro, yana ɗan shekara 15 ko 16. Tarihin wannan hanya zai nuna mana wanda nauyin shawara ya rataya a wuyansa.

A zamanin mulkin mallaka babu batun shawara, sai umarni. Kwamandan Nasara ne ke neman yara daga hannun sarakuna, iyaye da yawa kuma suna ɓoye 'ya'yansu don gudun lakwal. Wanda ya yi fice sai a tura shi Yamai, daga nan zuwa makarantar William Ponty ta Senegal, inda Bubu Hama da Diori Hamani suka yi karatu. A 1918 aka buɗe makarantar likitanci ta Dakar, amma mataimakan likita take yayewa, waɗanda ke aiki a ƙarƙashin Turawa. Karatun shari'a mai zurfi kuwa sai a Faransa, ko a Dakar bayan yaƙin duniya na biyu. Lokacin da Nijar ta sami mulkin kai a 1960, yaran da ke lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 ba.

Bayan mulkin kai ƙofofin sun fara matsowa. An kafa Jami'ar Yamai a 1973, aka buɗe makarantar ilimin lafiya a cikinta a 1974, ta tattalin arziki da shari'a kuma ta biyo baya. A 1992 aka sa wa jami'ar sunan Abdu Mumuni. Makarantun ENSP na Yamai da Damagaram suka riƙa horar da malaman asibiti da ungozomomi. A wancan lokaci ma gwamnati ce ke rarraba masu bak gwargwadon buƙatar ma'aikatunta, ta ba su kuɗin tallafi, ta kuma ɗauke su aiki. Ɗalibi bai da zaɓi sosai, amma bai da fargabar zaman banza.

Wannan tsari ya raunana daga shekarun 1980, sa'ad da farashin yuraniyom ya faɗi, gwamnati ta rage ɗaukar ma'aikata. A 2010 aka kafa jami'o'in Tawa da Maradi da Damagaram. Ta Tawa, wadda aka sa wa sunan masanin tarihin Adar, Djibo Hamani, tana da tsangayar shari'a da tattalin arziki, ta Maradi kuma tana koyar da likitanci. Ke nan ɗan Buza ya sami karatun shari'a a jiharsa, na likita kuma a jihar da ke maƙwabtaka da ita. Sai dai zaɓi ya koma hannun yaro da iyayensa, waɗanda galibi manoma ne da 'yan ci-rani da ba su taɓa shiga aji ba.

A nan gizo ke saƙa. Bayan jarrabawar BEPC ake raba ɗalibai tsakanin ɓangaren adabi, wato A, da na kimiyya, wato C ko D. Wanda ya bi A zai iya karanta shari'a, amma ƙofar likitanci ta rufe masa, ko da kuwa shi ne mafi hazaƙa a garinsu. Yarinyar da ta guji lissafi don kwalejinsu ta daɗe babu malamin lissafi ta yi asarar da ba za ta gane ba sai bayan shekara uku. Haka kuma ya kamata iyali su san tsawon tafiyar tun da wuri: likitanci yana cin shekara bakwai zuwa takwas, shari'a kuwa uku ne kafin lisans, biyu kafin masta, sannan a shiga gasar zama alƙali ko lauya.

Ƙasar ma tana da buƙatar 'ya'yanta. Tun dokar 1962 kotunan Nijar ke amfani da al'ada a shari'o'in aure da gado da gonaki, dokar karkara ta 1993 kuma ta amince da mallakar ƙasa ta gargajiya. Alƙalin da ya tashi a bakin Magiya ya san abin da rikicin fadamar albasa yake nufi. Majinyacin da ya je asibitin Madawa, ko na Galmi da ke aiki tun 1950, ya fi sakin jiki da likitan da ke jin harshensa.

Da kwamanda ne ke zaɓe, daga baya gwamnati. Yau aikin ya faɗo kan malaman ajin ƙarshe na kwaleji da ƙungiyoyin 'yan asalin garuruwa. Su ne za su iya tara iyaye kafin jarrabawa, su bayyana musu bambancin A da D cikin Hausa da Tamajaq, su kuma gayyato likitoci da alƙalai 'yan ƙasa su yi wa yara bayani. Da sanyin safiya ake kama fara.