Hararar da ke Hana Gudu

A 1999 kamfanin Game Freak ya fitar da Pokémon Gold da Silver a Japan, ya saki Raikou, Entei da Suicune suna gararamba a yankin Johto. Da mun yi kiciɓis da ɗayansu sai ya cika wandonsa da iska. Maganin yana cikin wasan: Mean Look, hararar da ke hana abokin karawa tserewa, wadda Golbat ke koya. Sai dai su ma suna da Roar, rurin da ke watsa faɗan.

A FireRed da LeafGreen na 2004 abin ya ƙazanta. Saboda wani kuskuren manhaja, idan Raikou ko Entei ya yi ruri, ya ɓace ke nan daga wasan. Kuma hararar da muka dogara da ita ce ke tsayar da shi har ya samu damar rurin.