Daga Sikelin Auduga zuwa Gajimare: Inda Ake Yin Lissafin Manoman Funtua da Malumfashi

Lissafin noma ba ya zuwa kaɗan-kaɗan. Sau biyu yake tasowa a shekara, kuma kowane tashi da gayya yake zuwa: gab da faɗuwar damina, lokacin rubuta sunaye da rabon iri da taki da bashi, sai kuma kaka, lokacin awo da biya da karɓar bashi. Tsakanin nan littafi kusan a rufe yake. Duk hukumar da ta taɓa hulɗa da manoman kudancin Katsina a shekaru ɗari da suka wuce ta gamu da wannan, kuma kowacce ta nemi inda za ta kai tulin takardunta a ƙididdige mata su gaba ɗaya. Masu kwamfuta suna da irin wannan aiki da suke ware wa suna na musamman, wato aikin tari: a tara bayanai, a jera su, a sakar wa na'ura ta bi ta kansu ba tare da mutum ya tsaya a kanta ba, a dawo a kwashi sakamako. Yau a kan kwamfutocin haya na intanet ake yin sa, waɗanda ake kira gajimare. Amma a wannan yanki aikin ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba.

Da auduga aka fara. Kamfanin BCGA, wanda masu masaƙun Ingila suka kafa a Manchesta a 1902, shi ya buɗe gidajen gurza a Funtua da Malumfashi, har sunansa ya zama sunan unguwa a Funtua. An shigo da irin auduga na Allen, ɗan asalin Amurka, aka riƙa yawaita shi a gonar iri ta Daudawa, layin dogo kuma ya taso daga Zariya ya ratsa Funtua ya kai Ƙauran Namoda a 1929. A kasuwar auduga malami ne ke tona buhu ya duba, ya ce wannan lamba ɗaya ce, wannan lamba biyu. A ɗora a sikeli, akawu ya rubuta, a biya manomi ya kama hanya. Littattafan kasuwanni su taru a gidan gurza, jimillarsu ta wuce gaba. Manomi ya san nauyin buhunsa, amma jimillar ƙasar duka tana hannun mai saye, kuma da ita ake yanke farashin baɗi. Haka abin ya ci gaba a hannun hukumomin ciniki daga 1949, har zuwa Hukumar Auduga ta Najeriya da aka kafa a 1977 da hedikwata a Funtua, wadda gwamnatin Babangida ta rushe a 1986.

A can wata duniyar kuwa, na'ura ta riga ta karɓi wannan aiki. Herman Hollerith ya ƙirƙiro injin da ke karanta kati mai huji, aka yi ƙidayar jama'ar Amurka ta 1890 da shi. Kamfanin IBM ya gaji fasahar, ya fito da kati mai layi 80 a 1928, katin da ya yi kusan shekara hamsin yana mulkin ofisoshin lissafi.

Inda labarin ya yi kauri a nan shi ne 1975. A shekarar ne aka fara Shirin Raya Aikin Gona na Funtua da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe, su ne na farko irinsu a Najeriya. Shirin ya haɗe ƙasar Funtua da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari. Ya fitar da hanyoyin karkara, ya gina madatsun ruwa da cibiyoyin sayar da taki da iri, kuma a zamaninsa ne farar masarar nan ta TZB, wadda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar, ta fara ture dawa daga manyan gonaki. Masarar da ake lodawa yau a kasuwar Dandume jikar wannan zamani ce. Amma mai ba da rance yana son shaida. Don haka aka kafa wani sashe a Kaduna mai suna APMEPU, aikinsa bin diddigin waɗannan shirye-shirye da auna abin da suka haifar.

A duba yadda ake samo lamba ɗaya tak. Malamin ƙididdiga zai tare a ƙauye. Zai bi magidancin da aka zaɓa zuwa gonarsa da kamfas da igiyar awo, ya zagaye iyaka kusurwa-kusurwa, domin gonar Bahaushe ba kasafai take da kusurwa huɗu daidai ba. Zai kafa turaku a wani ɗan yanki a cikin shukar, ya roƙi mai gona kada a taɓa wurin sai yana nan. Ranar girbi a yanke abin da ke tsakanin turakun, a shanya, a sussuke, a auna, a rubuta a fom. In masara ce da dawa da wake a kunya ɗaya, kowanne da layinsa. Gida ɗaya yana iya samun gona biyar. A ninka wannan da ɗaruruwan gidaje, a ninka da shirye-shirye uku, daga baya fiye da haka, kowace damina.

A wancan lokaci kwamfuta sai manyan wurare, irin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda cibiyar kwamfutarta ke ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar. Kuma ba zama ake yi a gabanta ba. Sai an mayar da kowane fom kati mai huji, a jera katunan a akwati, a miƙa ta taga, a bi layi. Huji ɗaya ya kauce, aikin duka ya dawo, a gyara a sake bin layi. Abin da aka yi ta kuka da shi game da ƙididdigar shirye-shiryen nan shi ne tarawa ta fi sarrafawa sauri: bayanai na taruwa, rahoto na makara, har damina ta gaba ta wuce ba a ga sakamakon ta baya ba. Ni a ganina wannan ce babbar asarar zamanin, domin awon da malaman nan suka yi da ƙafa da igiya yana cikin mafi inganci da aka taɓa yi wa gonakin yankin, amma manomin da aka kafa wa turaku bai taɓa jin abin da aka gano a gonarsa ba. A daidai shekarun nan wani mai bincike, Paul Clough, ya zauna a Marmara ta ƙasar Malumfashi yana bin hada-hadar hatsi da bashi tsakanin mutanen gari, abin da fom ɗin hukuma ba shi da layin rubuta shi. Littafinsa bai fito ba sai 2014.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, aikin ya koma hannun hukumar raya aikin gona ta jihar, KTARDA, ƙananan kwamfutocin tebur kuma suka shigo ofisoshi. Sun rage layi, amma sun zo da nasu matsalolin: wuta, ƙura, da bayanan da ke mutuwa tare da na'urar da suke ciki.

Canji na gaske ya faro ne a 2006, lokacin da kamfanin Amazon ya fara ba da hayar ma'ajiya da ƙarfin kwamfuta ta intanet, ana biya gwargwadon awannin da aka yi amfani. Google da Microsoft suka biyo baya. Manomin Bakori ba ya bukatar dogon bayani a nan, don ya san injin sussukar masara: ba mai tayar da shi saboda zangarniya ɗaya, kuma ba kowa ke sayensa ya ajiye shekara guda yana tsatsa ba. Sai an tara tuli a kira mai inji, a biya shi na yini, ya wuce gonar gaba. Haka hayar gajimare take. Wanda zai shirya aikin tari a gajimare yakan fara da buɗe ma'ajiya ya zuba bayanan. Sai ya rubuta umarnin aikin, ya ƙunshe shi tare da duk manhajojin da yake bukata a ƙunshi ɗaya, yadda zai yi aiki iri ɗaya a kan kowace na'ura. Manhajar Docker da ta fito a 2013 ce ta sauƙaƙa wannan. Sai ya yanka aikin gunduwa-gunduwa, misali kowace mazaɓa da nata, ya jera a layi, ya faɗi iyakar na'urorin da ya yarda a tayar da wanda ke da izinin ganin me. Layi ya cika, na'urori su tashi, goma ko ɗari. Layi ya ƙare, su mutu, kuɗi ya daina tafiya. Gunduwar da ta faɗi ita kaɗai ake maimaitawa, ba akwatin duka ba. Akwai ma rarar na'urori da Amazon ke bayarwa da rahusa tun 2009, bisa sharaɗin zai iya karɓe abinsa da gargaɗin minti biyu, kuma aikin tari ne ya fi dacewa da su tunda ba ya gaggawa. Zuwa ƙarshen 2016 kamfanin ya fito da AWS Batch, wanda ke kula da layin da tayar da na'urorin da kansa.

Manoman yankin sun fara jin taɓin lissafin nesa a aljihunsu a 2012, da shirin GES na ministan gona Akinwumi Adesina. An yi musu rajista a fom, aka kwashe fom ɗin aka zuba a rumbun bayanai, kamfanin Cellulant ya riƙa turo saƙon tes: buhu biyu na taki, kamfa da yuriya, a rabin kuɗi, da ɗan iri. Gwamnati ta ce ta yi wa sama da manoma miliyan 10 rajista a faɗin ƙasa. Shirin ya rage wa 'yan tsakiya ƙarfi, wannan gaskiya ne. Amma duk wanda ya je cibiyar karɓa ya ga sauran labarin: dattijo da wayar ɗansa a hannu, sunansa ya fito da harafi a juye, ko lambar da aka rubuta masa ta maƙwabci ce, ko sabis ya ɗauke ana tsaye a rana ga taki a sito. Na'ura ta yi aikinta cikin daƙiƙa. Abin da aka ba ta ne gurgu.

Lambar tantance masu asusun banki, BVN, ta zo a 2014, shirin bashin noma na Anchor Borrowers na Babban Banki ya biyo a Nuwamban 2015, kuma a Mayun 2019 aka ƙaddamar da rabon irin auduga na bankin a Katsina. A wannan karon ba suna kaɗai aka nema ba, har da zanen yatsa da awon gona ta na'urar GPS. Tantance dubban sunaye da BVN, gano wanda ya shiga sau biyu, tura kuɗi ga asusu masu yawa a dare ɗaya, duk aikin tari ne. Duk da haka bashi mai yawa bai dawo ba, kuma an yi ta ƙorafin manoman bogi. Kwamfuta tana iya tabbatar da cewa mutum ɗaya ne ke da wannan yatsa. Ba ta san ko ya taɓa riƙe fartanya ba. Mai unguwa ya sani.

Ta sama ma ana auna gonakin. Taurarin Sentinel-2 na Turai, da aka fara harbawa a 2015, suna ɗaukar hoton ƙasar Kafur da Danja duk bayan kwana 5, kowane ɗigo a hoton yana daidai da mita 10 tsawo da faɗi, wato ɗigo 100 a hekta guda. Hotunan kyauta ne, amma sun fi ƙarfin kwamfutar ofis, shi ya sa ake sarrafa su a inda suke ajiye, a Google Earth Engine ko a Digital Earth Africa, wanda ma'ajiyarsa ke cibiyar Amazon ta Cape Town da aka buɗe a 2020. Sai dai a watan Agusta, lokacin da aka fi son ganin shuka, hadari ne ke rufe sama, kuma masara da dawa a gona ɗaya suna rikita na'ura. Kafin ta iya bambance su sai an koya mata da gonakin da mutum ya taka da ƙafarsa ya tabbatar da abin da ke ciki. Aikin malamin igiya da turaku bai mutu ba, ƙaranci ya yi.

Sai maganar waya da kuɗi. A Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda 'yan bindiga, Funtua da Malumfashi da Bakori da Faskari da Dandume na ciki, kuma ba su fara dawowa ba sai Disamba. Kaka guda ke nan cur. 'Yan kasuwar hatsi sai sun yi tafiya zuwa inda sabis yake kafin su ga shigar kuɗi. A Maris ɗin 2024 kuma wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka yi ta tangal-tangal. Hayar gajimare da farashin dala take tafiya, dalar da ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya manta na'ura a kunne mako guda, takardar kuɗi ce za ta tuna masa. Saboda haka duk tsarin da za a gina wa wannan yanki dole ya iya karɓar bayani a waya ba sabis, ya riƙe, ya tura in layi ya samu, abin da aikin tari ya dace da shi tun asali.

Hukumar NITDA ta fitar da manufar gajimare ta ƙasa a 2019, kamfanin gwamnati na Galaxy Backbone kuma ya gina babbar cibiyar adana bayanai a Kano, tafiyar 'yan awanni daga Malumfashi. Ban ga dalilin da zai hana rajistar manoman Katsina zama a wuri irin wannan ba, a hannun mutanen da za a iya zuwa a same su, kuma ƙungiyoyin manoma su riƙe kwafin nasu. Dokar kare bayanan jama'a ta Yunin 2023 ta ba kowane mutum ikon ya nemi ganin abin da aka rubuta a kansa, ya kuma sa a gyara kuskure. Manomin da aka auna wa gona sau uku a shirye-shirye uku yana da haƙƙin a faɗa masa hekta nawa aka rubuta masa, da Hausa, kafin a ɗora masa bashi a kanta.