Jaki, Duba-gari da Sharar Birnin Kano

Masu tarihi, idan suka zo bayanin birnin Kano, sun fi tsayawa ga ganuwa da ƙofofinta, da kasuwar Kurmi wadda ake danganta kafuwarta ga Sarki Muhammadu Rumfa, da ayarin fataken da ke ƙetare hamada, alhali kuwa akwai wata mas'ala wadda ba ta da kwarjinin waɗannan, amma rayuwar kowane babban gari ta rataya a kanta, wato inda sharar mutane ke tafiya bayan an fitar da ita daga gida.

Ba za a ce birnin na dā tsaf yake ba. Turawa matafiya, Clapperton, wanda ya shigo a 1824, da Barth, wanda ya biyo bayansa a 1851, dukansu sun koka da fadamar Jakara, da kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, suka zama matattarar ruwa da ƙazanta. Malamai kuwa ba su jahilci hukuncin tsabta ba, domin littattafan fiƙihu da babin ɗahara suke farawa, kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani, aikin hisba kuma sananne ne a wurinsu. Amma a ganina, abin da ya fi kwashe jujin Kano a zahiri shi ne buƙatar manomi. Ƙasar da ke kewaye da birni ana nomanta kowace shekara ba hutu, saboda yawan jama'a, ba ta kuwa jure wannan sai da taki. Don haka da rani mutanen ƙauye kan shigo da jakuna ɗauke da itace ko kara, su sayar, sa'an nan su cika mangala da toka da kashin awaki da sharar tsakar gida, su koma da ita gona. Shara a wancan zamani haja ce mai daraja, abin da ke da mai nema kuwa ba ya daɗewa a lungu.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, lafiyar kansu suka fara dubawa: suka zauna a Nasarawa, suka shar'anta barin fili na yadi 440 tsakanin gidajensu da na 'yan ƙasa, bisa zaton cewa hakan zai kange su daga sauro. Tsabtar cikin birni aka bar wa En'e, ita ce kuwa ta ɗauki nauyin, da kuɗin Baitulmali, musamman a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi mulki daga 1926 zuwa 1953. A farkon shekarun 1930 aka jawo ruwan famfo daga kogin Challawa, aka kuma buɗe makarantar koyon aikin tsabta, wadda ta riƙa yaye ma'aikatan da jama'a suka sani da duba-gari.

Tsofaffi har yanzu suna ambaton duba-gari da wani irin tsoro mai gauraye da girmamawa. Yakan leƙa randa ya ga ko tsutsar sauro ta yi, ya duba salga ko tana da murfi, ya bi rariya har inda ta zuba a kwata, ya tsaya kan mahauta da masu sayar da abinci; wanda aka samu da laifi kuwa, sai gaban alƙali da tara. Ba a rasa duba-garin da ake toshe wa baki da 'yan kwabbai, wannan kam ba a musu. Sai dai ƙarfinsa bai tsaya ga kakinsa ba, domin a garin da namiji baligi ba ya wuce zaure sai da izini, da ba shi da wani tasiri in ba don mai unguwa na bayansa ba, mai unguwa kuma yana ƙarƙashin wakilin fuska, har magana ta kai ga Sarki. Kowane juji akwai wanda za a tambaya a kansa, an kuma san sunansa.

Gyaran 1976 ya kafa ƙananan hukumomi a madadin tsohon tsari, kundin tsarin mulki ya ɗora musu kwashe shara da kula da tituna da kasuwanni, masu unguwanni suka zama masu ba da shawara kurum. A 1985 gwamnatin soja ta shigar da tsabtar muhalli cikin yaƙinta da rashin ɗa'a, daga nan al'adar fitowa shara ranar Asabar ɗin ƙarshen wata ta kafu. Amma kafin nan ita kanta sharar ta fara sauya hali, domin leda da roba da gwangwani sun shiga cikinta. Manoman gefen birni ba su daina nemanta ba, har sukan biya direban tifa ya juye musu a gona, sai dai yanzu dole su tsince ledar da hannu su ƙone kafin su baza takin, abin da ya kuɓuce musu kuma awaki su haɗiye.