Ribar da ake riƙewa: kason da NNPC ba ya rabawa

Ribar da ake riƙewa ita ce abin da ya rage a hannun kamfani bayan ya biya haraji, ya kuma ba masu hannun jari rabonsu. Tana taruwa shekara bayan shekara, asara kuma tana zaftare ta.

Ba lallai ne ta kasance tsabar kuɗi a banki ba. Idan mai gidan mai a Kano ya sayi tankar dakon mai da ribar bara, kuɗin sun bar hannunsa, amma littafin lissafinsa zai ci gaba da nuna su a matsayin ribar da ya riƙe.

Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021, wadda ta mayar da NNPC kamfanin kasuwanci, ta ba shi damar riƙe kashi 20 cikin 100 na ribarsa domin bunƙasa harkokinsa. Kamfanin ya bayyana ribar kusan naira tiriliyan 3.3 ta shekarar 2023, ya ware tiriliyan 2.1 a matsayin rabo.

Tunda gwamnati ce ke riƙe da hannun jarin, duk nairar da aka riƙe ba za ta shiga Asusun Tarayya ba, inda Jihar Kano da ƙananan hukumominta 44 ke karɓar kasonsu. Hujjar riƙewar ita ce manyan ayyuka irin su bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Adadin ribar da aka riƙe shi kaɗai ba ya nuna inda kuɗin suka shiga, sai an duba bayanin shige da ficen kuɗi a rahoton shekara.