Hatimin Malamin Katsina da Lambar Fermat

A hijira ta 1145, wadda ta yi daidai da 1732 zuwa 1733, Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi ya kammala littafinsa Bahjatul Afaƙ a kan ilimin haruffa da hatimi. A lokacin ya riga ya bar Katsina zuwa aikin hajji. Mutane da yawa na ɗaukar hatimi sha'anin tsibbu kawai, domin a allo da laya suka saba ganinsa, daga Katsina har ƙauyukan Magarya da Dungas. Amma kafin hatimi ya shiga laya, lissafi ne tsantsa. A jera 1 zuwa 9 cikin gida tara, kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, ya ba da 15. Mai gida 25 yana ba da 65, mai gida 81 kuwa 369. Malamin ya mai da hankali ga hatimin da gidajen gefensa wutiri ne, wato 3, 5, 7 da makamantansu, saboda hanyar cika shi dabam take da ta shafa'i. Sai an san jinsin lamba ake sanin yadda za a bi da ita.

A 1732 ɗin kuma, can birnin Petersburg na Rasha, wannan tambaya ta jinsin lamba ce ke gaban Leonhard Euler, sai dai tasa lambar ƙatuwa ce: 4,294,967,297. Ana samun ta idan aka ɗauki 1 aka yi ta ninka shi har sau 32, sannan aka ƙara 1. Tun 1640 Bafaranshe Pierre de Fermat ya lura cewa in an ninka sau 1, 2, 4, 8 ko 16 aka ƙara 1, ana samun 3, 5, 17, 257 da 65,537, dukkansu gagara-rabo, ba mai raba su daidai sai 1 ko su kansu. Sai ya zaci duk danginsu haka suke. Zaton ya shekara fiye da 90 ba wanda ya rushe shi, don wa zai zauna yana gwada raba biliyan huɗu da hannu?

Euler ya nuna cewa lambar 641 ce sau 6,700,417. Daga baya ya fayyace dabarar: duk abin da zai raba ta dole ya zama ninkin 64 da ƙarin 1, kuma 641 shi ne 64 sau 10 da ɗaya. Har yau ba a sake samun gagara-rabo ko ɗaya a wannan dangi ba bayan biyar na farko.

Sunan Euler ya cika littattafan lissafi, na Malam Muhammadu kuwa da wuya ɗalibin Katsina ko Damagaram ya ji shi a aji, alhali hatimin gida tara ya isa darasin tarawa a firamare. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, wanda ɗansa Abdurrahman, masanin tarihin Masar, ya rubuta labarinsa.