Auren Ɓoye a Bakin Iyaka: Inda Rufin Asiri Ke Zama Tauye Haƙƙi

Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 ce ta tsaga ƙasar Borgu gida biyu, ta bar Illo a hannun Ingila, ta bar garuruwan da ke yamma da ita a hannun Faransa. Layin ya raba gwamnatoci, amma auratayya da fatauci ba su tsaya ba. Har gobe mutumin Sharabi ko Kaoje ko Zagga a Ƙaramar Hukumar Bagudo yana iya shiga Jamhuriyar Benin ta Lolo ya ci kasuwar Malanbil, ko ya bi ta Tsamiya ya kwana a Segbana, ya tarar da Hausa da Fulatanci da Dandanci kamar bai bar gida ba. Wannan zirga-zirga ita ce abincin dubban gidaje. Ita ce kuma ta sauƙaƙa wani abu da ba a son ambatonsa a bainar jama'a: magidanci ya ajiye mata a tsallaken iyaka, uwargidansa ba ta da labari, wani lokaci har iyayensa ma ba su da shi.

Abin da nake son kafawa shi ne, mun daɗe muna ba wannan ciwo sunan da ba nasa ba. Idan asiri ya tonu, matar gida ta tayar da hankali, sai a ce kishi ne, kishi kuwa kumallon mata, a ba ta haƙuri, a wuce. Ni a ganina abin da ya karya ta ƙaryar ce. Shekara da shekaru ana ce mata kaya ne suka maƙale a hannun kwastan, ko sefa ce ta tashi sai an jira, tana dafa tuwo tana ajiyewa, tana yi masa addu'ar dawowa lafiya, ashe yana wani gidan nasa. Matar da aka yi wa kishiya da saninta tana fama da zafin rai, wanda lokaci kan sanyaya. Wadda aka ɓoye wa kuwa komawa take yi tana tuhumar kowace rana da ta wuce, har ranakun da aka yi mata gaskiya.

Mazan da ke yin haka suna da hujjoji biyu, kuma ya kamata a saurare su da adalci. Ta farko, shari'a ba ta sa izinin uwargida cikin sharuɗɗan ƙarin aure ba. Wannan gaskiya ne. Ta biyu, sun ɓoye ne don a zauna lafiya, domin wasu matan in sun ji labari gidan ba ya sake zaunuwa. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa. Sai dai neman izini daban, sanarwa daban, kuma mazhabar Malikiyya da kotunan shari'a na Jihar Kebbi ke hukunci da ita ba ta yi sako-sako da wannan bambanci ba. A Muwaɗɗa an kawo yadda Sayyidina Umar ya ƙi amincewa da wani aure da shaidunsa ba su cika ba, ya lissafa shi cikin auren sirri. Mukhtasar na Shehu Khalil, littafin da alƙalanmu suka tashi a kansa, ya tafi gaba da haka: auren da aka yi wa shaidu kashedin su ɓoye shi abin warwarewa ne, ko da daga mace ɗaya aka ce a ɓoye, ko na 'yan kwanaki ne, sai fa in an tare kuma zaman ya yi tsawo. Masu sharhi sun bayyana cewa matar mijin ta farko tana cikin waɗanda ake nufi. Ke nan wanda ya ja shaidu gefe bayan an shafa fatiha ya ce musu kada maganar ta kai gida, ya yi abin da littafin ya ambata da sunansa.

Dalilin wannan tsanani a fili yake. Rabon kwana haƙƙi ne, kuma mai haƙƙin da ba ta san tana bin bashi ba, ba ta da yadda za ta nema ko ta yafe. Al'adar Bahaushe ma ta gane haka tun kafin a zo ga littafi. Kayan faɗar kishiya da ake kai wa uwargida, turamen zane da abin da ya sawwaƙa, sanarwa ce cikin mutunci, shaida ce cewa an ɗauke ta mai gida wadda ba a yin babban abu a bayan idonta. Daga nan a yi wa amarya kwanakinta, bakwai in budurwa ce, uku in bazawara, sannan a koma girki bi da bi. Mai auren ɓoye ya tsallake duk wannan, ya ci gaba da kiran kansa mai bin sunna.

A bakin iyaka cutar ta ninku, domin matar tsallake ma ba ta tsira ba. Dokar iyali da Jamhuriyar Benin ta kafa a 2004 auren mace ɗaya kaɗai ta amince da shi, kuma wanda aka ɗaura a gaban jami'in gwamnati ne ke da ƙarfi a kotu. Yarinyar Segbana da aka ɗaura wa aure a zaure da goro da sadaki, a idon dokar ƙasarta ba ta da takardar da za ta ɗaga. A ɓangaren Najeriya kuwa, inda shari'a za ta karɓe ta a matsayin mata, babu wanda ya san da ita. Ta faɗa tsakanin dokoki biyu, kowacce tana kallon wani wajen.

Ranar da abin ke fitowa sarari sau da yawa ranar makoki ce. Ana zaman sadakar uku ko ta bakwai, tabarmi a shimfiɗe a ƙofar gida, sai ga baƙuwa ta sauko daga kan babur da goyo a baya, wani yaron riƙe da gefen zanenta, fuskarsa sak ta mamacin. Uwargida tana cikin takaba, ba ta fita, labarin ne ke iske ta a ɗaki ta bakin wata gwaggo da ke cewa, “Ki yi haƙuri 'yar nan, ki rufa wa mamaci asiri.” Daga nan sai lissafi: tumunin da take tsammanin nata ne ita kaɗai za a raba biyu, gonar fadama da 'ya'yanta suka yi wa aiki tun suna ƙanana za ta sami sababbin magada. Idan dangi suka musanta, baƙuwar sai ta kawo shaidu daga wata ƙasa, waɗanda tun farko aka ce musu su yi shiru. Yaran da ba su ci ba su sha ba su ne ke tashi da tabon shakka a kan nasabarsu.

Akwai wani rashin daidaito da ba zan iya wucewa ban taɓa shi ba. Sirrin namiji tafiya ce ke rufe shi, na mace kuwa jikinta ne ke tona shi. Shari'ar Safiya Hussaini ta Tungar Tudu, wadda kotun Gwadabawa ta yanke wa hukuncin jifa a 2001 kafin kotun ɗaukaka ƙara ta Sakkwato ta sallame ta a Maris na 2002, ta nuna wannan ƙarara: ciki ya zama hujja a kanta, namijin da ta ambata ya musanta, aka sake shi. A ƙauye ma ba sai an je kotu ba. Matar ɗan ci-rani da aka bari wata shida ba aike, in aka gan ta sau biyu tana magana da mai shago, zance ya gama gari. Alhali Alƙur'ani a Suratun Nur ya sa shaidu huɗu, ya yanke wa mai ƙazafi bulala 80, mijin da ke zargin matarsa kuma ya buɗe masa ƙofar li'ani a gaban alƙali. Duk wannan shinge an gina shi ne don kare mutunci daga jita-jita. Mu kuwa mun sassauta shi a kan mata, mun ƙara masa tsawo a kan maza. Kotun tsarin mulkin Benin ta lura da irin wannan bambanci a dokar zina da ƙasar ta gada daga Faransa, ta soke sassan a 2009 saboda sun fi tsananta wa mace.

To ina matsayin rufin asiri, wanda addini ya kwaɗaitar a kansa, Bahaushe kuma ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba? Ina ganin iyakarsa a bayyane take. Laifin da ya wuce, mai shi ya tuba, babu haƙƙin kowa da ya rage a ciki, suturta shi alheri ne, kuma matar da ta binciki wayar mijinta don tono tsohon zance ba ta kyauta wa kanta ba. Amma abin da ke gudana yau, yana cin kwanan wata, yana rage abincin 'ya'yanta, yana iya kawo mata cutar da ba ta san hanyar shigowarta ba, yin shiru a kansa taimaka wa mai zalunci ne. Jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a 2024, har da na ƙanjamau. Irin wannan doka ba ta isa ga auren da aka ɗaura a ɓoye a wata ƙasa, uwargida kuma ba za ta nemi gwaji a kan haɗarin da ba ta san da shi ba.

Gyaran da ya fi kusa yana hannun waɗanda ke ɗaura auren. Limaman Bagudo da na garuruwan tsallake sun san juna, da yawansu littattafai ɗaya suka karanta. Babu abin da zai hana limami, kafin ya karɓi wakilci, ya tambayi baƙon ango ko yana da iyali, a wane gari, kuma wa ya zo daga danginsa. In ango ya nemi a ɓoye, limami ya gaya masa hukuncin Mukhtasar, ya ƙi ɗaurawa. Hakiman Illo da Kaoje da Zagga suna iya sa dagatai su riƙa rubuta kowane aure da ɗan garinsu ya yi a waje, da sunan waliyyi da na shaidu, domin alƙalin da zai raba gado wata rana ya sami abin dubawa, matar tsallake da 'ya'yanta kuma su sami inda aka rubuta sunansu.