Ƙididdigar Cututtuka da Mace-mace a Nijar

Ƙididdigar lafiya a Nijar tana farawa ne daga rajistar ƙananan gidajen likita na karkara, irin na Takanamat da ke jihar Tahoua, sannan a tattara alƙaluman zuwa gunduma, jiha da Yamai. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna yara 127 cikin 1,000 na rasuwa kafin shekara 5, alhali a 2006 adadin 198 ne. Zazzaɓin cizon sauro na kan gaba wajen kisa.

Lissafin ciwon daji kuwa yana da rauni. Tun 1992 ake da rajistarsa a Yamai, inda sankarar mama ta fi yawa tsakanin mata, amma macen da ta rasu a ƙauye ba tare da gwaji ba, ba ta shiga lissafi.